KULA DA SITIYARIN TARAKTAR HANNU

Manomi, ƙaramar taraktar nan mai taya biyu da ake aiki da ita a fadamun Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura ba ta da sitiyari irin na mota. Liba biyu ne a jikin hannuwanta, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace liba tana da waya da ta tafi cikin akwatin giya. In ka matse ta hagu, ƙarfin inji zai saki tayar hagu, ta dama ta ci gaba da turawa, sai tarakta ta karkata hagu. Haka ma ɓangaren dama.

In ka ga tarakta tana ja gefe guda, kunya tana fita a karkace, kada ka yi saurin ɗaukar sifana. Fara duba taya. Sau da yawa iskar ɗaya ce ta gaza ta ɗaya. Kai wa mai faci ya daidaita su.

In taya lafiya, sai a koma kan waya. Kashe inji a wuri mai baje, ka bar ta cikin giya. Matse libar hagu, ka karkaɗa hannun tarakta. Ya kamata tayar hagu ta juya a sake. In ta ƙi, waya ta yi sako-sako. Kwance notin da ke kulle ta, ka ɗan ja wayar, ka sake gwadawa. Amma kada ka ɗaure ta tamau. A bar wa liba ɗan wasa kamar kaurin tsinken ashana kafin waya ta fara ja. In littafin injinka ya ba da wani awo, shi za ka bi. Wayar da ta cika ɗauri ba ta barin haƙoran kuloci su shiga juna sosai. Kullum suna gogayya har bakinsu ya cinye, ran nan kana tsakiyar huɗa taya ta saki da kanta. Wannan kuwa sai bakanike ya buɗe akwatin giya, ga kuɗi, ga aiki ya tsaya lokacin da ƙasa take da laima.

Ƙurar hunturu da laka suna sa waya ta cije. Ka riƙa ɗiga mata baƙin mai duk mako. Wayar da zarenta ya fara tsinkewa a canza ta, ƙulli ba gyara ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi haɗari, musamman gare ku mutanen Roni da Kazaure masu gonaki a gindin duwatsu. A kan gangara mai tsanani aikin liba juyewa yake yi. Tayar da ka saka ba ta tsayawa, nauyi ne zai kwashe ta da gudu ta wuce 'yar'uwarta. Ka matse hagu, tarakta ta nufi dama. Saboda haka kafin ka fara sauka sa ƙaramar giya, ka juya ta da ƙarfin hannunka. Kada ka kuskura ka matse liba biyu tare a gangara, don inji ba zai ƙara riƙe ta ba.

Haka nan in kana jan tirela a kan hanya da gudu, bar liba. Rage wuta, ka sha kwana da hannu. Yaron da zai riƙe maka tarakta, ka nuna masa wannan a fili, gaban idonka, kafin ka bar shi ya ɗauko taki ko amfanin gona.