Baƙin Haske a Sararin Samaniya

A ƙauyukan ƙasar Bagudo irin su Sharabi, daura da iyakar Jamhuriyar Binin, mai sha'awar kallon sama da dare yakan ga abin al'ajabi: haske ya keto ya ɓace, ko jerin fitilu suna tafiya shiru. A da, wanda ya ba da irin wannan labari sai a ce gamo ya yi. A Amurka ma, tun 1947 da aka fara zancen faifai mai tashi, dariya ake yi wa masu ganinsa. Amma a 2020 Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta saki bidiyo uku da matuƙan jiragenta suka ɗauka, a 2023 kuma hukumar NASA ta ce ba ta sami shaidar baƙi daga wata duniya ba.

Galibi tauraruwar Zara ce, ko taurarin ɗan'adam na Starlink, ko dutse mai ƙonewa a iska. Wani sa'in dutsen kan iso ƙasa. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo dab da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Iskar da ke maƙale cikinsa ta nuna daga duniyar Mas ya fito, sai dai ba a ga alamar rai a jikinsa ba.