Ƙodar manomi da gubar da ke shiga ta tukunya

Akwai irin majiyyacin da mu masu aiki a sashen ciwon ƙoda muka saba gani. Manomi ne da bai wuce shekara hamsin ba, ba shi da ciwon suga, hawan jinin ma sai daga baya ya same shi, amma hoto ya nuna ƙodojinsa biyu sun motse, jininsa ya yi ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura. Idan an tambayi garinsu, sau da yawa sai a ji sunan wani gari na bakin kogi inda ake noman fadama. Gashuwa da Nguru da Jakusko a jihar Yobe, da Haɗeja a Jigawa, sun daɗe suna kuka da wannan ciwo, ana kuma ta bincike a kansa. Abin da nake son tsayawa a kai shi ne, duk ƙarfinmu da kuɗinmu sun tafi wajen sayen injin wankin ƙoda, alhali abin da ya fi araha ya fi kuma gaggawa, wato auna abin da manomi ke ci da sha kullum, ba mu ba shi muhimmanci ba. Ƙarafa masu guba, musamman kadmiyom da dalma da arsenik, suna cikin waɗanda ya wajaba a fara zargi.

Dalilin zargin yana cikin yadda waɗannan ƙarafa ke aiki a jiki. Kadmiyom idan ya shiga ta abinci, ƙoda ce ke tara shi a cikin ƙananan bututun da ke maido wa jini abubuwan amfani daga fitsari, kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabin abin da ya taru ya fita. Ɗan kaɗan ne a kowace loma, ba ya sauya ɗanɗano ko kamannin abinci, ba ya sa amai ko gudawa da zai sa a farga. Ɓarnarsa irin ta gara ce a azarar ɗaki, sai an wayi gari rufi ya rufta. Gwajin da aka fi yi a asibitocinmu ma yana makara, domin sinadarin kiriyatinin ba ya tashi sosai a jini sai kusan rabin ƙarfin ƙoda ya tafi, ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari kuma ba ya kama ƙananan furotin ɗin da ke fara zuba idan kadmiyom ya taɓa ƙoda. Mata sun fi shiga haɗari, saboda hanjin mai ƙarancin jini ya fi tsotse kadmiyom, ga haihuwa a kai a kai tana ƙara rage musu sinadarin ƙarfe.

An riga an ga ƙarshen wannan hanya a wasu ƙasashe. A Japan, mahaƙar Kamioka ta shafe shekaru tana sakin kadmiyom a kogin Jinzu, manoman yankin Toyama suna ban ruwan shinkafa da shi suna kuma sha. Cutar da aka sa wa suna itai-itai ta lalata musu ƙoda ta tausasa ƙasusuwansu, akasarinsu mata masu shekaru da suka haihu da yawa. Sai a 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyom ne, aikin sauya ƙasar gonakin kuwa bai kammala ba sai 2012. An sake ganin makamancin haka a Mae Sot ta ƙasar Tailan, inda gonakin shinkafa ke ƙasan mahaƙar zink. Mu ma muna da namu a gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, har da injinan da ake niƙa hatsi. Masu bincike sun gano cewa yawancin gubar da ta shiga gero da dawa bayan girbi ta shiga, wajen shanya da sussuka da niƙa. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yaran da suka tsira yau samari ne da 'yan mata, kuma tarihin Kwinslan ta Ostireliya ya nuna cewa yaran da suka sha gubar dalma daga fenti, da yawansu ƙoda ce ta kashe su bayan sun girma. Ya kamata a ce ana auna ƙodar waɗannan matasa duk shekara.

Abokan aiki sukan ce ai hawan jini da ciwon suga ne suka fi kashe ƙoda a duniya, me zai sa mu bi ƙarafa? Gaskiya ne, kuma duk mai ɗayan biyun ya riƙe maganinsa. Amma hawan jini yana ko'ina a ƙasar nan, bai isa ya bayyana abin da ya sa wasu garuruwa suka fi wasu kwanciya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ita dalma ma da kanta tana tayar da jini, don haka rubuta hawan jini a katin majiyyaci bai wanke ta ba. Hujjar masu shakka da ta fi ta hawan jini ƙarfi ita ce ta Siri Lanka da Amurka ta Tsakiya. Tun shekarun 1990 manoman shinkafa a Anuradhapura da Polonnaruwa ke fama da ciwon ƙodar da ba a san sanadinsa ba, binciken da aka yi da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yatsa ga kadmiyom, wasu binciken kuma ba su samu haka ba. A wurin masu saran rake na Nikaraguwa da El Salbado kuwa, zargi ya fi karkata ga zafin rana da ƙishirwa. Na yarda da wannan, kuma ban ce ƙarfe kaɗai ne ke cin ƙodar Gashuwa ba. Manomin da ke wuni a rana ba isasshen ruwa, da yamma ya tsaya a kemis ya sayi haɗin maganin gajiya, ya ɗora da jiƙo, yana fesa maganin ciyawa ba kariya, ƙodarsa ta riga ta wahala, ɗan gubar da lafiyayye zai jure shi yana iya kayar da shi. A cikin duk waɗannan, ƙarfe ne ya fi sauƙin aunawa. Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi: miligiram 0.4 na kadmiyom a kilo ɗaya na shinkafa, maikurogiram 3 na kadmiyom da 10 na dalma a litar ruwan sha. Ko dai an wuce ko ba a wuce ba, ɗakin gwaji zai faɗa.

Wasu kuma cewa suke yi kakanninmu wannan gero da wannan kifi suka ci suka tsufa. Abincin ne ɗaya, ƙasar da ruwan sun sauya. Kakanninmu ba su yi lambu da ruwan da kamfanonin fata na Chalawa da Sharaɗa da Bompai ke saki ba, kuma duk Bakano ya san launin ruwan Jakara da ake ban alayyahu da latas da shi. Ba su zuba takin zamani mai fosfet ba, wanda yakan zo da kadmiyom gwargwadon dutsen da aka yi shi da shi, ba su kwashi juji mai fasassun batura suka kai gona ba, ba su dafa miyar tsami a tukunyar da aka narka daga tarkacen injin mota ba. An auna irin waɗannan tukwane a Kamaru an samu suna sakin dalma a cikin abinci.

Tsoron da ya fi cancantar a saurara shi ne na manoman kansu, cewa da zarar an ambaci guba, kasuwar shinkafa da kifin garinsu ta mutu. Jita-jita ce ke kashe kasuwa, tana kuma yawo ne domin babu sakamakon da aka fitar fili. Idan an auna gona gona, rijiya rijiya, mai tsabta ya samu shaida, inda aka samu matsala kuma akwai gyara, domin barin ruwa ya kwanta a gonar shinkafa yana rage kadmiyom ɗin da take zuƙa, zuba farar ƙasa a gona mai tsami ma haka, rijiyar da ta gurɓata a rufe ta a haƙa wata. Kafin nan kowane gida yana da abin yi: a raba injin niƙa hatsi da na dutse, a daina shanya tsaba a ƙasa kusa da wurin haƙa, a wanke ganye sosai duk da wanki ƙurar waje kawai yake cirewa, a bar haɗiyar maganin gajiya kullum.

Gwamnatocin Yobe da Jigawa da Kano da Zamfara da Neja, duk lokacin da za ku ware kuɗin injin wankin ƙoda, ku ware na auna ƙasa da ruwa da hatsi da fitsarin manoma, ku kuma sanar da sakamakon a rediyo da harshen da manomi ke ji. Kai kuma manomi, ka je a auna jininka da fitsarinka ko sau ɗaya a shekara tun kana jin ƙarfinka, kada ka jira sai ƙafa ta kumbura.