Sasanta Mutane: Ko Sai Lauya?

Tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: shin wanda bai karanta aikin lauya ba yana iya riƙon sasanta mutane ya zama sana'arsa? Lalle yana iyawa. Alƙali hukunci yake yankewa, lauya kuwa ɓangare guda yake karewa, amma mai sulhu zaunar da masu husuma yake yi har su yarda da mafita da bakinsu.

Buhari ya ruwaito cewa Ka'abu ɗan Maliku ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi, har muryoyinsu suka ɗaga a masallaci. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaye labulen ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu ishara ya yafe rabi. Da ya yarda, sai ya umurci ɗayan ya tashi ya biya saura. A lura, ba a kira shaidu ba, ba a kuwa kunyata kowa ba. Haka nan aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, da ta zo kan saɓanin ma'aurata, daga dangin miji da dangin mata ta ce a zaɓo masu gyara.

To, amma rashin takardar lauya ba izinin jahilci ba ne. Malamai sun haɗu a kan cewa sulhun da ya halatta haram, ko ya haramta halal, ɓatacce ne. A nan ne da yawa suke zamewa. Za ka ga an tara dattawa a zaure, an matsa wa marainiya ta bar wa 'yan'uwanta maza kasonta na gida, ta yi shiru don kunya, kana a tashi ana cewa an yi sulhu. Wannan ƙwace ne da aka naɗa masa rawani. Saboda haka wajibi ne mai shiga wannan aiki ya san babin aure, da ciniki, da gado, gwargwadon abin da ke cikin Risala, kuma ya iya riƙe sirri.

Hanyar zamani kuwa a buɗe take. Cibiyar ICMC tana horad da masu sulhu daga kowace sana'a, ta ba su shaida. An buɗe gidan sulhu na kotu a Legas a 2002, na Kano a 2009, kuma dokar da Nijeriya ta yi a 2023 ta ba yarjejeniyar sulhun da aka sa wa hannu ƙarfin doka.

Shawararmu ga mai farawa, kada ya yi gaggawar barin aikin da yake ci da shi, domin kuɗin ba su zuwa da wuri. Ya lizimci zama gefen limami, ko mai unguwa, ko shugabannin kasuwa, yana saurare. In an daidaita, a rubuta a gaban shaidu, in kuwa batun fili ne ko kamfani, a kai wa lauya takardar ya duba kafin kowa ya sa hannu.