DARASI: BURSU, KUƊƊIN KARATUN JAMI'A, DA AIKIN DA KE KAN UWAYE

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, masu karatu a makarantun yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan bursu yake.

Mi ne ne bursu? Kuɗɗi ne da gwamnati take ba ɗalibin da ya kai babbar makaranta, wato jami'a, don ya ci abinci, ya biya wurin kwana, ya sayi littattafai. Ba kowane ɗalibi ake ba ba. Zaɓe ake yi. Wanda ya fi ƙoƙari a jarrabawa shi ake fara dubawa, ko ɗan birni ne, ko ɗan ƙauye, ko namiji, ko mace.

Wani zai ce: "Ni ina ruwana? Yaro ne ke karatu, malamansa ne suka san hanya." A'a, malam, da ruwanka. Maki na yaro ne, shi zai nemo su da kansa. Amma takardu naka ne. Ana samun yaro ya ci jarrabawa da kyau, takarda guda ta mayar da shi baya. Kai da ka iya karatu yanzu, kana iya hana wannan.

Hanyar tana da tsawo. Shekara 6 a firamare. Shekara 4 a kwalej, sai jarrabawar birbe. Shekara 3 a lise, sai jarrabawar bak. Duka shekara 13 ke nan, in yaro bai maimaita aji ba. Bak ita ce ƙofar jami'a.

Da can jami'ar gwamnati guda ce a Nijar, ta Yamai. An fara karatu a cikinta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin aiki da hasken rana, haifaffen Tasawa. A 2010 aka buɗa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa. A 2014 aka ƙara da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Yau ɗan Madarunfa ko Mirya ko Madawa yana iya karatun jami'a a jiharsu. Ma'aikatar da ke kula da bursu tana Yamai, ana ce mata ANAB. Ku riƙe waɗannan baƙaƙe huɗu, za ku gan su a takarda, za ku ji su a rediyo.

YADDA AKE ƘIDAYAR MAKI

A lakwal bisa 20 ake ba da maki. Wanda ya samu 10 ya kai rabi, ya wuce. Amma wucewa hawa-hawa ce. A takardar sakamakon bak za ku ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi na Faransanci. Daga 10, Passable. Daga 12, Assez bien. Daga 14, Bien. Daga 16, Très bien. Duka sun ci bak, amma wurin rabon bursu mai 14 yana gaban mai 10.

Darussa kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kowane darasi da lambar da ake ninka makinsa da ita. Ku ɗauko allo mu yi misali. Mu ce lissafi nauyinsa 4, tarihi nauyinsa 2.

Yaro na fari ya samu 14 a lissafi, 8 a tarihi. 14 sau 4, 56. 8 sau 2, 16. A haɗa, 72. A raba da 6, wato 4 da 2. Ya tashi da 12.

Yaro na biyu ya samu 8 a lissafi, 14 a tarihi. 8 sau 4, 32. 14 sau 2, 28. A haɗa, 60. A raba da 6. Ya tashi da 10.

Kun gani? Kowannensu 14 da 8 ya samu, amma ɗaya ya wuce ɗaya da maki biyu. Don haka idan yaro ya kawo takardar maki, kada ka tsaya ga tambayar "ka wuce?" Ka ce ya nuna maka darasin da ya fi nauyi a sashensa, ka duba nawa ya samu a nan. Kuma a shekarar bak a rage mashi aike. Yarinya ma a rage mata daka da ɗaukar ruwa. A sama masu fitila. Wannan taimako ba ya bukatar boko.

TAKARDAR HAIHUWA

Ita ce uwar takardu. Daga gare ta ake kwafe sunan yaro da ranar haihuwarsa a sa a rajistar lakwal, a sa a birbe, a sa a bak, a sa a takardar shaidar ɗan ƙasa wadda ake karɓa a gidan shari'a. In uwar ta karkace, duka sun karkace.

Dokar 2019 ta ba uwaye kwana 60 su kai labarin haihuwa. Ana kai shi a gidan likita inda aka haihu, ko wurin mai rajista na gari, ko a meri. Ba a biyan ko dala. In kwanakin suka wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu ya yi takarda mai maye gurbinta. Nan akwai kuɗɗin mota, akwai jira. Shi ya sa idan kuka ji alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka don yin takardu, ku bar abin da kuke yi ku kai yara.

To, ga inda wahala take. Mu a nan mun koyi rubuta suna da baƙaƙen Hausa. Takardun lakwal da na meri kuwa da rubutun Faransanci ake yin su. Inda muke rubuta u, su ou suke rubutawa. Inda muke rubuta sh, su ch. Inda muke rubuta w, sau da yawa ou ne kuma. Mu mu rubuta Shaibu, su su rubuta Chaibou. Hawa ta zama Haoua. Isufu ya zama Issoufou. Wannan ba kure ba ne, hanyar rubutunsu ce, kada ya tsorata ku.

Kuren shi ne takarda biyu na yaro guda su saɓa. Nan an rubuta Mahamadou, can an rubuta Mamadou, a ta uku Mahamane. A gida duk mutum guda ne, kowa ya san shi. A biro mutum uku ne. Haka Abdou da Abdoulaye. Haka Zeinabou da Zeinab. Wani lokaci sunan yaro daidai ne, na uba ne ya sake: a takardar haihuwa an sa sunan yanka, a lakwal an sa laƙabin da gari ya san shi da shi. Wani yaron kuma kawunsa ne ya kai shi lakwal a birni, mushe ya tambayi sunan uba, aka ba da na kawu. Shekara 13 babu wanda ya lura. Sai ranar da aka kai takardun neman bursu, ma'aikaci ya jera su a tebur ya ce: "Wannan ba ɗan mutum guda ba ne. Je ka gyaro." Kafin a gyaro an rufe karɓa.

Ga aikinka. Ka shimfiɗa takardun a tabarma da rana. Ka sa yatsa guda a kan suna a wannan, yatsa guda a kan suna a waccan. Ka bi baƙi-baƙi, kamar yadda muke yi a allo. Ba sai ka ji Faransanci ba. Idonka kawai zai gaya maka ko baƙaƙen sun yi daidai, ko ɗaya ya ɓace, ko an ƙara wani. In kuren a takardar lakwal yake, ka je wurin shugaban makaranta tun ba a aika sunayen masu jarrabawa ba. In a takardar haihuwa yake, gyaransa sai gidan shari'a.

Bayan suna, sai ranar haihuwa. Lamba uku ake rubutawa a jere: rana, wata, shekara. 05/03/2007 yana nufin 5 ga watan uku, wato Maris, shekarar 2007. Wani magatakarda ya juya ya rubuta 03/05, yaro ya koma haifaffen Mayu. Ku duba wannan ma. Yara da yawa na karkara za ku ga an sa masu 01/01, ɗaya ga Janairu. Ba ranar aka haife su ba, an dai rasa ranar ne aka sa wannan. Babu laifi, muddin haka take a kowace takarda.

Shekaru suna da muhimmanci, don bursu yana da iyakar shekaru. Bayan maki, su ake dubawa. Yaron da aka makara sa shi lakwal, ya kuma maimaita aji sau biyu, yana iya cin bak ya tarar ya wuce iyaka. Maganin abin a sa yaro lakwal da wuri. Wasu uwaye suna zuwa a sake wa yaro takarda a rage mashi shekaru. Kada ku yi. Laifi ne a shari'a. Kuma tsohuwar ranar tana nan a rajistar lakwal, ba ta gogewa. Ka ga an koma ga mutum biyu.

LOKACI

Bak da damina ake yin ta, sakamako ma da damina yake fitowa. Lokacin nan kowa yana gona. Rumbu ya yi ƙasa, hanya ta ɓaci, jikka guda ma wuyar samu take. A daidai nan ne ake cewa a kawo takardu, kuma ranakun karɓa ƙidayayyu ne. Mai dabara da kaka yake shiri, sa'ad da aka sayar da wake ko gyaɗa ko albasa. Tun yaro yana ajin ƙarshe na lise a nemo takardar shaidar ɗan ƙasa da katin ɗan ƙasa. A ɗauki hotuna. A ware ƴan kuɗɗin tambur da na mota a ɓoye.

Takarda ta asali ba a ba da ita. Hotonta ake yi a inji, a kai meri a buga hatimi a sa hannu, a shaida daidai take da ta asali. Wannan ake bayarwa. A yi da yawa, don jami'a za ta nema, ANAB ma za ta nema. Ta asalin a sa ta a leda, a sa a gwangwani mai marfi. Kada a soke ta a rufin ɗaki. Gara ba ta san bak ba.

Abin da za a kawo, da makin da ake so, da iyakar shekaru, da ranar rufewa, duka suna cikin sanarwa. Ku saurari Muryar Sahel da rediyon karkara. Yaro ya riƙa leƙa allon sanarwa na lise, ya riƙa tambayar abokansa masu waya, don sanarwa da yawa ta intanet suke yawo yanzu. In ya kai takardu ya karɓi shaidar ajiya, ya adana ta.

Akwai kuma bursun da ƙasashe abokai suke ba Nijar, kamar Maroko da Aljeriya. Gurabensa kaɗan ne, masu manyan maki ake ɗauka. Shi yana bukatar fasfo, da takardar likita, da takardar gidan shari'a mai shaida ba a taɓa hukunta yaro ba. Wannan ta ƙarshe wata uku take aiki, kada a yi gaggawar yin ta.

Ku yi hattara da masu cewa sun san wani babba. Wani zai bugo waya ya ce sunan ɗanka ya fito, ka aiko da jikka hamsin a tabbatar. Ƙarya ce. Ba a sayar da bursu. An ga wanda ya sayar da akuya saboda irin wannan waya. In kun ji haka, ku je wurin shugaban lise ku tambaya.

Wanda ya samu, kada uwaye su ce sun huta. Kuɗɗin sukan makara, wani lokaci watanni. Sabon ɗalibi yana bukatar guzuri daga gida: gero, wake, ƙuli-ƙuli, ɗan abin da ya sawwaƙa. Kuma kuɗɗin karatu ne, ba na cefanen gida ko na biki ba. In an matsa wa yaro ya riƙa aikowa, zai bar aji ya shiga neman kuɗɗi, ya faɗi, kuma mai yawan faɗuwa ana yanke mashi bursu. Wanda bai samu ba, jami'a ba ta rufe mashi ƙofa ba. Akwai wani taimako da ANAB take ba marasa bursu, ana ce mashi aide sociale. Bai kai bursu ba, amma shi ma sai an nema da takardu.

AIKIN ZAMA MAI ZUWA

Kowa ya zo da takardar haihuwar ɗansa ko ɗiyarsa guda, da takardar maki ta lakwal. Za mu rubuta sunan a allo da baƙaƙen Hausa, mu rubuta shi yadda yake a takarda, mu gwada su. Za mu karanta ranar haihuwa da ƙarfi: rana, wata, shekara. Wanda yaronsa ba shi da takarda ko ɗaya, shi ma ya zo. Malami zai rubuta sunayen, a kai wa mai gari.