Maganin Ciyawa Mai Amin: Yadda Za Ka Yi Aiki Da Shi Ba Ka Rasa Ido Ba

Malam manomi, in ka shiga rumfar mai sayar da magungunan gona a farkon damina, da wuya ka rasa ganin galan ko kwalba da aka rubuta 2,4-D Amine a jikinta. Masu noman shinkafa a fadama sun san shi sarai, haka ma masu masara da dawa da alkama da rake. Yana da araha, yana kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar hatsi, har ƙuduji yakan kashe in ya fito. Amma mutane da yawa sun san amfaninsa, ba su san ɓarnar da yake yi wa ido ba.

Mene Ne Amin?

An gano 2,4-D a Ingila da Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun 1946 kuwa yake hannun manoma. Asalinsa gari ne wanda ba ya narkewa sosai a ruwa. Don haka sai masana'anta ta haɗa shi da wani sinadari mai suna dimetilamin, shi ne amin ɗin da ka gani a rubuce, domin ya narke ya shiga famfo.

Shi dimetilamin zallansa mugun abu ne. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen kifi. Akan narkar da shi a ruwa, sau da yawa kashi 40 cikin 100, a kai wa masana'antu cikin ganguna, ana aikin roba da shi da jimar fatu da haɗa magunguna. Yana cin fata kamar sodar da mata ke yin sabulu da ita, tururinsa yana ƙona hanci da maƙogwaro, yana kuma kama wuta. In an haɗa shi da 2,4-D kaifinsa yakan ragu, amma ruwan da ke cikin galan ɗinka mai kauri ne ƙwarai: irin wanda aka fi sayarwa yana da giram 720 na magani a kowace lita. In wannan ruwa ya fantsama a ido yana iya ƙona fatar ƙwayar ido, ya bar tabon da ba ya warkewa.

A ƙasan takardar da ke manne da galan akwai ratsin launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2,4-D a aji na biyu, wato mai matsakaicin haɗari, launin wannan aji kuwa ruwan ɗorawa ne. Kada kalmar matsakaici ta ruɗe ka. An auna ta ne da gubar da ke shiga jiki ta baki ko ta fata, ba a auna ta da ido ba.

Lokacin Haɗawa

Feshi yakan ɗauki yini, haɗa magani kuwa minti biyar ne. Amma cikin minti biyar ɗin nan haɗarin ya fi yawa, don a lokacin ne kake riƙe da maganin tsagwaronsa, ba a surka shi ba.

Kafin ka taɓa murfi, ka sa tabarau mai rufe ido ta ko'ina. Tabarau na ado ba ya tare abin da ya fantsamo ta gefe. Ka sa safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu, da riga mai dogon hannu, da wando, da takalmin roba. Safar ƙyalle da takalmin fata tsotse magani suke yi, su riƙe shi a jikinka har yamma. Wanda ya ce kuɗin tabarau sun yi masa yawa, to ya tambayi kuɗin mota zuwa asibitin ido.

Ajiye galan a ƙasa, a fili, iska tana bayanka. Galan da ya sha rana yakan kumbura, in ka buɗe da gaggawa sai ya feso. Buɗe shi a hankali, fuskarka a gefe. Ledar da ke liƙe a bakinsa ka yanke ta da wuƙa. Kada ka huda da yatsa, balle haƙori. Zuba ruwa mai tsabta rabin tankin famfo tukuna. Sa'an nan ka auna magani da kofin awo gwargwadon abin da takardar ta faɗa, hannunka yana ƙasa da ƙirjinka. Akwai masu ɗaga kofi daidai ido wai don su ga layin awo da kyau. Wannan shi ne babban kuskure. Ɗauraye kofin ka juye a tanki, ka cika da ruwa, ka rufe gam. Ruwan laka yana toshe bakin feshi, ruwan zartsi kuma yana rage ƙarfin magani.

In bakin feshi ya toshe, kada ka hura da baki. Kwance shi ka wanke, ka share da tsinken ciyawa mai taushi. Famfon goyo mai yoyo kuwa a gyara shi tukuna, don rigar da ta jiƙe a baya tana shayar da fata magani. Ba cin goro, ba shan taba, ba shafa ido sai ka wanke hannu da fuska da sabulu.

In Ya Shiga Ido

To, in tsautsayi ya auku fa? Maganinsa na farko ruwa ne, nan take, a nan gona. Saboda haka kada ka fara haɗawa sai ka ajiye jarkar ruwa mai tsabta da buta kusa da kai, ruwan da ba na tanki ba.

Mutumin ya karkata kansa, idon da ya ƙone yana ƙasa, don kada ruwan ya gangara cikin mai lafiya. Wani ya buɗe masa fatar idon da yatsu masu tsabta, ya riƙa tsiyaya ruwa da buta a hankali, daga wajen hanci. Za a yi ta zubawa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. A duba agogo ko waya, domin mai jin zafi yakan ɗauka an daɗe alhali minti uku ne. Buta ɗaya ba ta isa, a yi ta cikawa. Kada a murza. Kada a sa kwalli, ko nono, ko ruwan ganye, ko wani maganin ido da ya yi saura a gida. Bayan wankewa a tafi asibiti a ranar, ko da zafin ya lafa, don ɓarnar tana iya ci gaba a ɓoye. A tafi da galan ɗin ko takardarsa likita ya gani.

In a fata ya zuba, a tuɓe tufafin, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu.

In kuwa wani ya sha, yaro ne ko babba, alamunsa su ne ƙunar baki da maƙogwaro, amai, zawo, kasala da mutuwar jiki, wani lokaci har suma. Kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba sa karya wannan guba, suna ɓata lokaci ne kawai, kuma yana iya shaƙewa. A ɗauraye masa baki, in ya suma a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Gonar Maƙwabci

Maganin bai san ciyawa da shuka ba, faɗin ganye kawai ya sani. Auduga ce ta fi kowa tsoronsa, ɗan abin da iska ta ɗauka ya isa ya murɗe mata ganye ya tsuke shi. Haka tumatir da wake da gyaɗa da kuɓewa da barkono. In ka haɗa dawa da wake a gona ɗaya, kamar yadda muka saba, wannan magani ba naka ba ne. Yi feshi lokacin da iska ta kwanta, bakin feshi kusa da ƙasa. In da hali ka ware famfo guda don maganin ciyawa kaɗai, domin ragowar da ta maƙale a tiyo tana iya lalata auduga ko da an wanke. Kada ka wanke famfo a rafi ko bakin rijiya, dabbobi kuma a tsare su daga gonar har kwanakin da takarda ta faɗa su cika.

Saye Da Ajiya

Sayi wanda yake cikin mazubinsa na asali, a liƙe, da takardarsa da ranar ƙarewar aikinsa. A Nijeriya ka duba lambar rajistar NAFDAC. Wanda aka ɗura a kwalbar lemo ana sayarwa awo-awo ka bar shi, don irin wannan kwalba ce yaro yake ɗauka ya kai baki. Ajiye shi a ɗaki mai kulle, a inuwa, nesa da rumbu da madafa da inda ake kwana.

In galan ya ƙare, ɗauraye shi sau uku, kowane sau ka juye ruwan a tankin famfo, sa'an nan ka huda shi don kada wani ya zuba mai ko fura a ciki. Haka nan gangunan masana'antu da ake sayarwa a kasuwa don tara ruwa. Wadda ka ji tana warin kifi, ko ka ga alamar ruwa yana ɗiga a hannu yana cin sa, kada ka sa kai ciki don shinshinawa, kada ka kusantar da ita ga wuta, kada kuma ka zuba ruwan sha a cikinta. In akwai abin da ba ka gane ba a takardar magani, kai wa malamin gona na yankinku ya karanta maka kafin ka buɗe.