Yadda Ake Amfani da 4WD a Hanyoyin Ƙauyukan Arewacin Kano

Duk direban da ke sauka daga titin Kano zuwa Daura ko na Kano zuwa Katsina ya nufi ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci ko Bichi ya san abin da ke jiransa: yashi da rani, taɓo da damina, musamman a watan Agusta. Mutane da yawa na tuƙa Hilux ko Land Cruiser amma ba sa tunawa da 4WD sai mota ta kafe. Wasu kuma sukan bar shi a kunne har kan kwalta, su ƙare a garejin bakanike. Darasinmu na yau shi ne lokacin sa shi da lokacin cire shi.

Me 2H, 4H da 4L ke nufi?

A bayan giyabos akwai wani akwati mai raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Shi kake sarrafawa da ƙaramar sandar da ke kusa da giya, ko maɓallin da ake murɗawa a sababbin motoci. A motocin Toyota za ka ga an rubuta H2, H4 da L4.

- 2H: tayoyin baya kaɗai ke jan mota. Na kwalta ne da busasshiyar hanya.
- 4H: tayoyi huɗu na ja tare. Na yashi ne da hanya mai santsi.
- 4L: tayoyi huɗu, ƙarfi mai yawa, gudu kaɗan. Na taɓo mai zurfi ne, da hawan gaɓar rafi, da fita da kaya daga gona.

Matakan sawa

1. Idan motarka tsohuwar Hilux ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, sauka ka murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Idan ka manta, ƙarfi ba zai kai ga tayoyin gaba ba ko da ka ja sanda.
2. Domin shiga 4H, rage gudu, miƙe sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur, sannan ka sauya. Jira fitilar 4WD ta daina ƙiftawa.
3. Domin shiga 4L, tsayar da mota cak. Taka kuloci idan mai giyar hannu ce, ko ka sa ta a N idan otomatik ce. Kada ka tilasta sanda idan ta ƙi. Matsa gaba kaɗan ka sake gwadawa.

Ka yi duk wannan tun kana kan ƙasa mai ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.

A cikin yashi da taɓo

Ƙasar wannan yanki mafi yawanta jigawa ce. A yashi mai laushi, rage iskar taya zuwa wajen PSI 20 domin ta ƙara faɗi, ka riƙe gudu ɗaya, ka guji birki mai ƙarfi. Da zarar ka fita, mayar da iskar, don haka ka riƙa tafiya da famfo.

A fadama kuwa, sa 4L da giya ta biyu, ka taka totur a hankali. Idan taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, saki totur nan take, domin rami take haƙa maka. Koma baya ta sawunka. Idan ruwa ne ya rufe hanya, sauka ka auna zurfinsa da sanda. Ruwa mai gudu kuwa, ka jira ya janye.

A nan gonaki sun matso har bakin hanya. Kada ƙarfin motarka ya sa ka kauce wa taɓo ta cikin gero ko gyaɗar mutane. Abincin shekara ne za ka tattake.

Me ya sa ake cire shi a kan kwalta?

A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. Amma 4H na Hilux yana ɗaure gaba da baya su juya daidai. A yashi taya takan ɗan zame, matsin ya saki. Kwalta ba ta barin taya ta zame, sai matsin ya taru a farfela da haƙoran akwatin. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana. Idan 4H ya ƙi fita, yi baya a miƙe na 'yan mitoci. Prado ta bambanta, domin an ƙera ta ne tayoyinta huɗu su riƙa ja koyaushe, har a kan kwalta.

A ƙarshe, ka tabbatar tayoyinka huɗu girmansu ɗaya, kuma ko da rani ne ka riƙa sa 4H sau ɗaya a wata a kan hanyar ƙasa, domin mai ya zagaya cikin na'urar. Ka kuma tuna 4WD jan mota yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙarfin birki. Allah Ya kiyaye hanya.