Wane idon kyamara ne ya fi dacewa da mai sana'ar hoto a Arewa?

Idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba, shi ne tambayar wani mutum daga Dogondutsi, wanda aikinsa ɗaukar hoton biki, suna da kokowa ne har zuwa Tibiri.

Wanda masu sana'ar suka fi dogara da shi shi ne 24-70mm f/2.8. A 24mm yana kwashe dukan taron ɗaurin aure, a 70mm kuma ya fito da fuskar amarya tas. Lambar f/2.8 na nufin ƙofarsa na buɗewa sosai, don haka yana aiki cikin ɗaki mai ƙarancin haske ko bayan magariba. Aibinsa nauyi da tsada. Mai 24-105mm f/4 ya fi shi jawo nesa, abin da ke da amfani a filin kokowa, amma haskensa rabin na farkon ne.

Sai dai a duba kyamarar tukuna. Ƙananan Canon da Nikon masu ƙaramin sensa da ake kira APS-C suna matse hoto da kusan ninki ɗaya da rabi, saboda haka 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron ya fi dacewa da su. Bakin idon Canon ma ba ya shiga kyamarar Nikon.

A yankin Dallol Mawri, inda Dogondutsi take, akwai ƙarin dalili: ƙurar hunturu. Duk sauya ido ƙofa ce ga ƙura, shi ya sa ido guda mai jawowa ya fi. Mai sayen na hannu ya haska shi da tocila, ya duba tsagewa da ƙura kafin ya biya.